Jitar Hendrix da gogen Zacharias: faifan da ke da mai shi da wanda ya zama na kowa

Akwai kalma ɗaya da ake bugawa a kwalin kusan duk wani tsohon kiɗa da aka sake fitarwa, wato "Remastered". Ma'anarta an koma kan sautin da aka naɗa tun da can, an sake tace shi kafin a buga sabon faifai. Mai shago a Sabon Gari zai ɗora yatsa a kanta ya ƙara maka kuɗi. Sai dai kalmar ba ta amsa tambayar da ta fi kowace nauyi ba: daga ina aka ɗauko sautin? Daga masta, wato tef ɗin asali da ke ajiye a ɗaki mai sanyi, ko daga wani tsohon faifan garmaho da ya sha allura shekara da shekaru? Wannan tambayar ce ta raba faya-fayan mutum biyu da muka sa a gaba, Jimi Hendrix makaɗin jita da Helmut Zacharias makaɗin gogen Turawa. Kiɗansu bai haɗa hanya ba ko kaɗan, ɗaya na tayar da jijiyar wuya ne, ɗaya na kwantar da ita. Amma a kasuwa kan kanta ɗaya ake jera su, kuma mai saye guda ne ke zuwa ya ɗauka.

Mu fara da Hendrix, don nasa ya fi sauƙin ganewa. An haife shi a Seattle ta Amurka a 1942, ya mutu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27. Bahago ne, sai ya ɗauki jitar Fender Stratocaster ta masu hannun dama ya kifa ta, ya sake jera mata tsirkiya. A rayuwarsa faifai uku kacal ya fitar na situdiyo: Are You Experienced da Axis: Bold as Love a 1967, sai Electric Ladyland a 1968. Na huɗu, Band of Gypsys, a gaban jama'a aka naɗe shi a zauren Fillmore East na birnin New York a sabuwar shekarar 1970. Waɗannan huɗun su ne tuwon, duk sauran ɗaruruwan faya-fayan da ke ɗauke da fuskarsa miya ce, wata mai daɗi, wata lami.

A 1995 mahaifinsa Al Hendrix ya karɓo haƙƙin kiɗan ɗansa bayan doguwar shari'a, dangi suka kafa kamfanin Experience Hendrix. A 1997 suka sake fitar da manyan faya-fayan ta hannun kamfanin MCA, kuma wanda ya zauna a kan aikin shi ne Eddie Kramer, injiniyan da ya naɗi Hendrix da hannunsa tun yana raye, tare da George Marino. Daga 2010 rarrabawar ta koma Legacy na kamfanin Sony. Saboda haka abin dubawa na farko a bayan kwali shi ne sunan Experience Hendrix, tare da MCA ko Legacy. Idan babu wannan suna, kuma faifan bai girmi 1995 ba, ajiye shi ka sake tunani.

Are You Experienced yana da wani ruɗani da ya kamata mai saye ya sani. Bugun Ingila na watan Mayu 1967 da bugun Amurka na watan Agusta ba jerin waƙoƙi ɗaya ba ne. A Ingila al'adar lokacin ita ce ba a maimaita waƙar da ta riga ta fita a ƙaramin faifai, don haka babu "Hey Joe", babu "Purple Haze", babu "The Wind Cries Mary" a ciki. A madadinsu akwai "Red House", "Can You See Me" da "Remember". Amurkawa suka yi akasin haka. CD ɗin 1997 da na 2010 sun kashe wannan rigima, suka haɗa waƙa 17 wuri ɗaya, kusan awa guda. Wanda ya sayi baƙin faifai na garmaho kuwa, yawanci 11 zai samu, kuma sai ya karanta jerin da idonsa kafin ya san wane bugu ya riƙe. Mutane da yawa sai sun je gida suke gano cewa waƙar da suka saye shi dominta ba ta ciki.

Game da sautin kansa, kada a zo da tsammanin tsabtar situdiyon yau. A kan tef mai layi huɗu aka naɗi faifan farko, kuma duk lokacin da layukan suka cika sai a haɗe su a juye kan wani tef don a sami gurbin ƙara wani abu. Kowane juyi yana ƙara ɗan huci a bayan kiɗan, irin "sss" ɗin da ake ji a kaset. Bugun dangi bai goge wannan hucin ba, kuma daidai suka yi, don injin da ke goge huci yana haɗawa da ƙarar faranti na ganguna da numfashin ɗakin. Kukan da jitar ke yi kamar an taka wutsiyar kare shi ma ba lalacewa ba ne. Da gangan yake matsar da jitar kusa da amfilifaya Marshall har sautin ya riƙa komawa cikinta, ga kuma 'yan akwatunan da yake takawa da ƙafa, Fuzz Face mai daƙushe sauti da wah mai sa jita ta yi kamar tana magana. Wanda ya mayar wa mai shago faifai don wannan ya zalunce shi.

Wani abin lura ga masu situdiyo na Zoo Road da ke son koyon waɗannan jimlolin a kan fiyano ko jita: daga Axis zuwa gaba yawanci Hendrix yana sassauta tsirkiyoyinsa da rabin mataki. In ka bi shi da jitarka ka ji ba ku daidaita ba, ba injinka ne ke jan ƙafa ba, kai ma sassauta taka. A Axis ɗin kuma akwai waƙa ɗaya, "If 6 Was 9", da ta fi sauran dushewa a kowane bugu. Dalili sananne ne: Hendrix ya mance tef ɗin gefen farko da aka gama haɗawa a cikin tasi a Landan, aka sake haɗa waƙoƙin cikin gaggawa, ita wannan sai da aka nemo kwafin da ke hannun Noel Redding mai kaɗa bes, wanda ya yamutse har sai da aka miƙar da shi da dutsen guga. Babu wani sabon bugu da zai gyara wannan.

Electric Ladyland shi ne inda kuɗi ke yin amfani. Mafi yawansa a Record Plant na New York aka naɗe shi a kan injin mai layi 12, kuma Hendrix ya mayar da sifika biyu abin kiɗa: jita na tashi daga hagu ta ratsa ta koma dama, sauti na juyawa kamar guguwa. Tsawonsa minti 75 ne da 'yan kai, ya shiga CD ɗaya. A nan akwai tarko ga masu son tsoho. Baƙin faifan asali guda biyu ne, kuma a wasu bugu an haɗa gefe na 1 da na 4 a faifai ɗaya, na 2 da na 3 a ɗayan, saboda garmahon da ke sako faifai da kansa. Wasu CD na farko-farko masu faifai biyu sun kwafi wannan jeri yadda yake, sai ka ji ƙarshen aikin ya zo a tsakiya. Bugun 1997 zuwa yau jerinsa daidai ne. A 2018, cikarsa shekara 50, an fitar da babban akwati wanda Bernie Grundman ya tace, har da haɗin sifika shida da Kramer ya yi. Yana da kyau ƙwarai, amma in ba ka da na'urar Blu-ray da sifikun kewaye da aka jera daidai, rabin kuɗinka ka biya wa abin da ba za ka ji ba. CD ɗaya na 2010 ya wadatar da yawancin gidaje.

Maganar kwali ma ba ƙarama ba ce a gari irin namu. Tsohon bugun Ingila na Electric Ladyland hoton mata tsirara ne a jikinsa, abin da shi kansa Hendrix bai so ba. Bugun dangi fuskarsa ce cikin ja da rawaya, na 2018 kuma hoton da ya nema tun farko ne, shi da abokan kiɗansa zaune da yara. Kwalin Axis kuwa zanen gumakan Hindu ne aka ɗora fuskokinsu a kai, har Malesiya ta hana shi a 2014. Mai yin oda ta intanet ya duba hoton kafin ya biya, kada ɗan aike ya buɗe masa abin kunya a gaban iyali. Mai gabatar da shiri a rediyo kuma ya san cewa "Hey Joe" labarin mutumin da ya harbe matarsa ne, ba waƙar gaishe-gaishe ba ce.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne faya-fayan da aka buga babban hoton Hendrix a gaba, alhali shi ɗan amshi ne kawai a ciki. A 1965, kafin ya yi suna, ya sa hannu a wata yarjejeniya da Ed Chalpin na kamfanin PPX a kan dala ɗaya, lokacin yana kaɗa wa wani mawaƙi Curtis Knight. Da ya shahara sai aka yi ta sake buga waɗannan naɗe-naɗen da sunansa, kuma wannan rigimar ce ta sa aka miƙa wa kamfanin Capitol faifan Band of Gypsys don a sasanta. In ka ga sunan Curtis Knight ko Lonnie Youngblood da ƙananan haruffa a bayan kwali, ka san ba muryar Hendrix za ka ji tana jagora ba. Haka nan Crash Landing da Midnight Lightning na 1975, waɗanda Alan Douglas ya goge makaɗan asali ya kawo wasu da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da Hendrix ba suka ɗora nasu. Abin tarihi ne ga mai tara faifai, amma ba inda za a fara ba. Su ma na baya-bayan nan da dangi suka fitar, Valleys of Neptune a 2010, People, Hell and Angels a 2013 da Both Sides of the Sky a 2018, sautinsu tsaf yake, sai dai gwaje-gwaje ne da mai su bai ce ya gama ba. A bar su sai an ƙoshi da huɗun farko.

To, Zacharias. A nan ne aikin yake.

An haife shi a Berlin ta Jamus a 1920, ya mutu a Brissago ta Suwizalan a 2002. Tun yana ƙaramin yaro ya samu horon kiɗan gargajiyar Turawa, ya bi ta jaz, sannan ya zauna a kan kiɗa mai taushi wanda kamfanin Polydor ya yi ta sayarwa. A 1956 kiɗansa "When the White Lilacs Bloom Again" ya kai na 12 a jerin Amurka, a 1964 kuma "Tokyo Melody", wanda BBC ta yi amfani da shi a shirye-shiryenta na wasannin Olamfik na Tokyo, ya kai na 9 a Ingila. Kunnen da ya tashi da kukumar Garba Supa ko gogen Audu Yaron Goge ba zai ji baƙunta sosai ba. Gogenmu tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki a kan ƙwarya, na Turawa huɗu ne a kan akwatin katako, amma dukansu ba su da ƙarafan da ke raba muryoyi a wuya kamar jita, don haka yatsa na iya zamewa daga murya zuwa murya ba tare da yankewa ba. Wannan zamiyar da 'yar rawar da yake sa wa doguwar murya su ne jarin Zacharias. Kuma su ne abu na farko da mugun bugu ke kashewa.

Me ya sa mugun bugu ya yi yawa a nasa? Doka ce. A Tarayyar Turai haƙƙin naɗin sauti shekara 50 ne a da. An ƙara shi zuwa 70 daga Nuwamba 2013, amma ƙarin bai waiwayi abin da ya riga ya faɗi ba, don haka duk naɗin da ya fita kafin 1963 ya zama na kowa a can. Hendrix bai shiga wannan ba, don nasa daga 1966 ya fara. Zacharias kuwa rabin shahararsa tana cikin shekarun 1950. Kowane ƙaramin kamfani na iya tattara waƙoƙi arba'in ko hamsin ya zuba a CD biyu ya sayar da araha ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Abin da ba shi da shi shi ne masta, don tana hannun Universal, wadda ta gaji Polydor. Saboda haka daga tsohon baƙin faifai yake kwafa. Wasu kamfanonin suna nemo faifai mai lafiya, su wanke shi, su yi aikin da hankali, har su rubuta shekara da lambar kowane naɗi a ɗan littafin ciki. Wasu kuwa daga CD ɗin wani suke kwafa, ko ma daga fayil ɗin da aka matse. A waje duk kwalin ɗaya ne, hoton dattijo da goge a kafaɗa.

Tunda sayen irin wannan ba tare da ji ba cinikin biri a sama ne, a roƙi mai shago ya sa shi, kuma a je da abin ji na kunne mai waya. Minti biyar sun isa.

A nemi wurin da gogen ya ja doguwar murya ɗaya. In ka ji tana hawa tana sauka a hankali, kamar mai tafiya a kan raƙumi, kuma hawan yana maimaituwa duk bayan kusan daƙiƙa biyu, an kwafo ne daga faifan da raminsa bai zauna a tsakiya ba. Lissafin a fili yake: faifai mai gudun 33⅓ yana zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 1.8, mai 45 cikin 1.3. Rawar da makaɗi ke yi da yatsa ta fi wannan sauri nesa ba kusa ba, sau biyar zuwa bakwai a daƙiƙa, don haka ba a rikita su. Wannan aibi ba ya gyaruwa da ikwalaiza.

Sai a saurari tsakanin muryoyi da ƙarshen waƙa. Naɗin 1956 da ya fito shiru ƙurmus, babu ko ɗan huci, abin zargi ne. An matsa masa injin goge ƙara fiye da kima. Alamarsa ita ce gogen ya koma kamar sarewar roba, ƙaiƙayin da izga ke yi a kan tsirkiya ya ɓace, kuma a wutsiyar murya ana jin wani ɓul-ɓul kamar daga ƙarƙashin ruwa. Gara a sha ɗan ƙas-ƙas na allura da a sayi wannan. In kuma manyan muryoyi suna tsagewa a wasu waƙoƙi kawai, wasu kuma lafiya lau, to waɗancan su ne na kusa da tsakiyar faifan da aka kwafa, inda allura ta fi wahala.

Na uku shi ne sitiriyon ƙarya. Baƙin faifai mai sitiriyo sai a 1958 ya shiga kasuwa, saboda haka kiɗan 1956 mono ne, hanya ɗaya. Kamfanoni sun daɗe suna raba irin wannan da dabara, su tura ƙananan muryoyi hagu, manya dama, ko su jinkirta ɓangare ɗaya da ƙiftawar ido su ƙara amsa-kuwwa. A abin ji na kunne, mono na gaskiya yana zama cak a tsakiyar kai. Na ƙarya yana bazuwa, ba ka iya nuna inda gogen yake, kuma in ka danna maɓallin mono a amfilifaya sai sautin ya zama kamar daga cikin bututu. In kuwa sitiriyon na gaske ne, kowane abin kiɗa da wurinsa, a waƙar da aka sani ta shekarun 1950 ce, to wataƙila sake naɗi ne na baya, abin da masu irin wannan kiɗa suka saba yi. Ba laifi ba ne, wani lokaci ma ya fi daɗin ji, amma ba shi ne wanda ya yi suna ba. A duba shekarar da ke gaban alamar ℗ a bayan kwali.

Wata hanya mai sauƙi: in tarin mai araha ne, babu sunan Polydor ko Universal, amma ga "Tokyo Melody" a ciki ba tare da an rubuta daga wa aka karɓi izini ba, akwai lauje cikin naɗi, don 1964 bai faɗa hannun kowa ba. Hukuncinmu a kan Zacharias shi ne a fara da tarin da Polydor ko Universal suka buga da kansu, ko da waƙoƙinsa ba su kai na mai arahar yawa ba. Waƙa ashirin daga masta sun fi hamsin daga faifan da ya gaji. Daga ƙananan kamfanoni kuma a ɗauki wanda ya rubuta sunan injiniyan da ya tace sautin da shekarar kowace waƙa; wanda ya ɓoye waɗannan yana da dalilinsa. Ya kamata a faɗi kuma cewa kiɗan nasa zaƙi ne a kan zaƙi. CD biyu a jere suna gundura. Wurinsa ɗakin cin abinci na otal, ko zauren biki kafin amarya ta iso, ko tuƙin dare a hanyar Zariya, ba zaman sauraro na awa biyu ba.

Duk wannan a kan faifai na gaskiya muke magana. Jabu kuwa ya fi yawa a na Hendrix, don shi ake nema. A juya CD a duba cikinsa: wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan ɗauki kore, shuɗi ko ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. A zoben tsakiya na asali akwai lambobi, kuma bugun da ya biyo bayan 1994 yawanci yana ɗauke da ƙananan haruffan IFPI. Ɗan littafin ciki na bugun dangi shafuka ne masu yawa da hotuna masu kaifi. Na jabu takarda ɗaya ce mai dushi-dushi. In na hannu ne, a ɗaga shi a rana: ƙarzuwar ƙasa sau da yawa na'ura na tsallake ta, amma in haske na ratsowa ta 'yan ƙofofi daga gefen rubutu, bayanan wurin sun tafi ke nan.

Mafi yawan mutane dai a wurin 'yan dawunlodin na Farm Centre ko Beirut Road za su karɓa a memori. A nemi FLAC, wato fayil ɗin da ba a zubar da komai na sautinsa ba, ko MP3 mai 320. Awa ɗaya a FLAC tana cin wajen megabait 300 zuwa 400, a MP3 mai 320 kusan 140, a mai 128 ƙasa da 60. Mai 128 yakan yanke duk abin da ya haura kilohaz 16, kuma faranti na gangunan Mitch Mitchell, makaɗin gangar Hendrix, da saman gogen Zacharias su ne ke fara zama kamar ana murza leda. Sunan fayil ba hujja ba ne, don ana iya mayar da mai 128 ya zama FLAC, ya yi nauyi a banza. Manhajar Spek ta kyauta tana nuna hoton sautin: in ka ga an yanke shi da layi miƙaƙƙe a 16, daga matsattsen fayil ya fito. A tsohon naɗin mono kuwa saman yakan dushe ne a hankali, ba yankan wuƙa ba. Kuma kada a yanke wa Electric Ladyland hukunci a kan 'yar sifikar Bluetooth guda ɗaya, don tana haɗe hagu da dama, duk yawon da jitar ke yi ya mutu. Sifika biyu, tazarar kamar mita biyu tsakaninsu, kai ma mita biyu daga kowace. In ana gwada tsohon bugu da sabo, a daidaita ƙarfin murya tukuna, don sababbin sun fi ƙara kuma kunne yakan ɗauki mai ƙara a matsayin mai kyau.

Masu komawa baƙin faifai su ne suka fi buƙatar gargaɗi, don Kano ba ta yi masa sauƙi. Rubutun "180 gram" a kwali nauyi ne kawai, bai ƙara zurfin layin da allura ke bi ba. Abin da ke sa sauti shi ne wanda ya yanka faifan da kuma inda ya ɗauko. Garmahon da aka kawo daga Amurka an yi shi ne don bolt 120 da haz 60, mu kuwa 230 da 50 muke da su. Taransifoma mai rage wuta za ta hana shi ƙonewa, amma in motarsa irin mai bin bugun wutar gida ce, zai yi gudun 27.8 a maimakon 33⅓, Hendrix ya koma kamar mai mura. Sai an canza ɗan ƙarfen da bel ke hawa, ko a nemi mai motar DC. Motar mai bin bugun wutar gida ce kuma ke sa kiɗa tangaɗi a kan ƙaramin janareta. Gwajin ba ya buƙatar komai: a manna 'yar takarda a bakin farantin, a ƙirga zagaye 100, ya kamata su cika minti 3 daidai.

Nauyin allura ga yawancin kawunan maganaɗisu gram 1.5 zuwa 2.5 ne, kuma ɗan sikelin dijital ne ke faɗa, ba ido ba. Ɗora kwabo a kan hannun don kada ya yi tsalle, kamar yadda ake yi a da, noma faifan yake yi. 'Yan garmahon nan masu kama da jakar hannu suna danna gram 4 zuwa 6, ba su dace da faifan da aka biya kuɗin jirgi a kansa ba. Allura tana ƙarewa bayan awa 300 zuwa 500, kuma a goge ake fara jin ta gaji. In an haɗa garmaho da amfilifaya aka ji sauti siriri, babu bes, ba faifan ba ne: an sa shi a ramin AUX ne maimakon PHONO, ko ana buƙatar ɗan akwatin fono a tsakani, don lokacin yanka faifai ana rage bes a ƙara manyan muryoyi, shi ne ke mayar da su daidai. Gurnanin "hmmm" kuma yawanci siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaura ba.

Da hunturu, bushewar iska na sa faifai ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, har ana jin tas-tas da ba ƙarzuwa ba ce. Burushi mai gashin kabon kafin kowane sawa, murfi a rufe, rigar ciki ta leda mai hana wannan jan maimakon ta takarda. Wanki da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir amma wanda babu asid a cikinsa, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa a lita guda, a bi layin a zagaye da ƙyalle mai laushi, a ɗauraye, a jingine ya bushe a inuwa. Ruwan rijiyar burtsatse yana barin gishiri a cikin layin. Kananzir da fetur ba sa kusantarsa, kuma in tsohon faifai mai gudun 78 ne, irin wanda wasu naɗe-naɗen farko na Zacharias suka fito a kai, ko sifirit narkar da shi yake yi. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, mota a rufe a rana ta isa ta mayar da faifai kamar faifan tankaɗe da ya sha ruwa. A jera su a tsaye, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, nesa da bangon da rana ke duka.

Saura masu fim da masu ɗora bidiyo a YouTube, waɗanda ke jin cewa tsohon kiɗan goge ba shi da mai shi. Naɗin ne ya faɗi a Turai, ba waƙar ba. Wanda ya tsara "White Lilacs", Franz Doelle, ya mutu a 1965, kuma haƙƙin mai tsarawa yana kaiwa shekara 70 bayan mutuwarsa, wato har ƙarshen 2035. Ana ɗora shi a ƙarƙashin fitowar jaruma, na'urar YouTube za ta gane shi, kuɗin tallan bidiyon ya tafi wani wuri. Na Hendrix ma kada a fara, dangin ba sa wasa da ko daƙiƙa goma.